'Yar Maƙeri da Masabar Ubanta: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

A 'yan watannin nan wasiƙun da ke shigowa wannan fili sun karkata ga magana guda, wato 'yan matan da suka sa hannu a sana'o'in da aka saba ganin maza kaɗai a cikinsu, da kuma halin da iyayensu kan shiga tsakanin son taimaka musu da tsoron bakin mutane. Na zaɓi guda uku na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni maƙeri ne a wani gari na ƙasar Katsina, na gaji ƙira daga mahaifina, shi ma daga nasa mahaifin, kuma yau shekarata 35 ina dukan ƙarfe. Allah Ya ba ni 'ya'ya bakwai, uku maza huɗu mata. Babban ya tafi Legas ci-rani ya zauna can, mai bi masa yana sayar da kayan waya a Kano, autan kuwa bana aka yaye shi. Wadda ta tsaya a maƙera ita ce ta huɗu a cikinsu, yarinya 'yar shekara 16 da ke aji huɗu na sakandare. Tun tana 'yar shekara bakwai take kawo mini abinci, idan ta tarar yaron da ke yi mini zuga bai zo ba sai ta zauna ta karɓi zuga-zugi. Ban taɓa zaunar da ita na koya mata komai ba, da ido ta ɗauka. Bara da damina ta ƙarato aiki ya yi mini yawa, ga ciwon kafaɗa yana damuna, na dawo daga sallar azahar na tarar ta fitar da ruwan fartanya guda biyu. Na ɗauka na juya, na sake juyawa, ban sami abin gyara ba.

Mahaifiyarta ta ce a bar ta ta koya. Amma yayana, wanda shi ne babban gidanmu, ya kira ni ya ce mace ba ta zama gaban uwar maƙera, idan ta zauna albarkar wurin za ta tashi. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa aka ce, ba a ce 'ya ba, kuma gobe za ta yi aure ta kwashe sirrin gidanmu ta kai wani gida. Yanzu sai na rufe ƙofa nake barinta ta yi aiki, idan mai saye ya zo in ce ni na ƙera. Ina tambaya, shin akwai laifi a addini? Kuma in ci gaba da koya mata ko in hana ta?

Daga wani maƙeri, ƙasar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sauwaƙa ciwon kafaɗar nan, Ya raya zuri'a. Inda na fi tsayawa a wasiƙarka shi ne wurin da ka ce ka juya ruwan fartanyar ka sake juyawa ba ka sami abin gyara ba. Mutumin da ya shekara 35 a gaban wuta ba a ruɗarsa da aikin ƙira ko da kuwa 'yar cikinsa ce ta yi, saboda haka maganar ko za ta iya ta riga ta wuce. Saura biyu: ko ya halatta, da kuma ko za ka tsaya mata.

Ta fuskar addini, abin da malamai suka karantar da mu a fili yake. Sana'ar da take halal ga namiji halal ce ga mace, matuƙar an kiyaye sutura, an guji keɓewa da namijin da ba muharrami ba, kuma aikin bai hana ta sauke farillanta ba. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah Ya ƙara mata yarda, tana jima tana ɗinkin fata da hannunta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana sadaka da abin da ta samu, alhali a nan ƙasarmu jima da dukanci an fi sanin maza da su. A Suratul Ƙasas, aya ta 23, Annabi Musa ya iske 'yan mata biyu a ruwan Madyana suna tsare dabbobinsu har makiyaya su gama, da ya tambaye su suka ce ubansu tsoho ne mai yawan shekaru. Sun ɗauki aikin da ubansu ya gaza, sun kuma riƙe kunyarsu, kuma Alƙur'ani bai zarge su ba. 'Yarka ta fi su samun sauƙi ma, domin ita a gaban mahaifinta take aiki, a maƙerar gidansu. Batun cewa albarka za ta tashi idan mace ta zauna gaban uwar maƙera kuwa camfi ne, kuma manoman da suka yi noman bara da fartanyoyin nan biyu su ne shaida.

Rabon aiki tsakanin maza da mata a ƙasar Hausa tsohon abu ne, amma bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Mata ke kaɗi maza su saƙa sawaye. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, maza ne a bakin rijiyoyin baba, amma ƙullin da ke fitar da zane a jikin yadi mata ne ke yin mafi yawansa a cikin gida. Idan ka je Agadas, a gidajen maƙeran Buzaye, maza na ƙira matansu kuma su ne dukawa. Abin da wani gari ya haramta wa mace da sunan al'ada, wani garin ita ya bar wa.

Ni kaina na tashi a cikin birnin Zariya, na kuma ga irin wannan sauyi da idona. Ina ƙarama ɗinkin babbar riga aikin maza ne, galibi malamai da manyan almajirai, waɗanda kan zauna a zaure ko a inuwar katanga da allura da zare. Wata gwaggona ta koya a wurin mijinta lokacin da idonsa ya fara rauni. Shi zai zana aska takwas a jikin shadda da rana, ita kuma ta cike shi a ɗaki bayan ta sauke tukunyar dare, fitilar ƙwai a gefenta, ni ina zura mata zare a allura don in samu ta ba ni ƙanzo. Idan aka kai rigar wurin bugu, daga can zuwa hannun dillali, sunan mijin ake kira. Ta yi shekaru a haka. Wata rana dillali ya shimfiɗa riga a zaure yana yaba ɗinkin a gaban mutane, sai mijin ya ce masa, "Ba hannuna ba ne, na mai ɗakina ne." Ba a yi wata uku ba matan unguwa suka fara turo 'ya'yansu su koya a wurinta. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 mata suka yi ta shiga wannan sana'a a birnin, yau kuwa su ne suka fi riƙe ɗinkin hannu, kuma babu mai ganin abin kunya ne. Wannan kalma da mijin gwaggona ya faɗa a zaure ita ce abin da har yanzu ba ka yi wa 'yarka ba. Ka bar ta ta yi aiki, amma ka rufe ƙofa, kuma kana karɓar yabon da yake nata. Yarinya mai hankali za ta fahimci cewa mahaifinta na jin nauyin a san aikinta, kuma wannan ya fi maganar baffanta ciwo, domin shi baffa daga nesa yake magana. Ranar da manomi ya sake ɗaga fartanya ya yaba, ka gaya masa wanda ya ƙera.

Kafin ka yi haka, ka fara da yayanka, domin babba ne kuma ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba, kishin gida ne. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, kada ka yi masa musu a gaban yara. Tsoronsa na cewa sirri zai bar gida yana da amsa, kuma amsar ita ce autan nan naka da aka yaye bana. Sai nan da shekara goma sha biyar zai iya ɗaga masaba yadda ya kamata. Idan kafaɗarka ta ƙi kafin lokacin, manyan yayyensa maza kuma suna Legas da Kano, wa zai nuna masa yadda ake riƙe awartaki? Yayarsa ce kaɗai za ta iya riƙe masa gadon har ya girma. Sirrin da ba a ba kowa ba kabari yake tafiya, wanda aka ba 'ya kuwa ko ya shiga wani gida, jikokinka ne za su ci moriyarsa. Ka kuma tuna wa yayanka cewa a gidajen maƙera da yawa tsofaffin mata ne ke ba da maganin ƙuna, ba wanda ya taɓa cewa sun sace sirri. Idan ya sauko, ka roƙe shi ya zo maƙera da kansa ya sa mata albarka, domin idan babban gida ya sa albarka bakin 'yan gari zai mutu da kansa. Idan bai sauko nan take ba, ka ci gaba da girmama shi kana aikinka, domin kai ne mahaifinta kuma kai za a tambaya game da ita.

Idan ka yanke shawarar koya mata, to ka koya mata duka. Na sha ganin iyayen da ke barin 'ya mace a kan zuga da wasa wuƙa da sa ƙota, su ɓoye mata asalin sana'ar, wato gane launin ƙarfe idan ya nuna a wuta, da sanin lokacin da ake tsoma shi a ruwa don ya yi tauri ba tare da ya tsage ba, da bambanta ƙarfen sifirin na mota da ƙarfen banza tun a wurin 'yan gwangwan. Ka nuna mata yadda ake yanke farashi da yadda ake bin bashi, ka tafi da ita sayen ƙarfe da gawayi don masu sayarwa su san fuskarta a gefenka.

Makaranta kuwa kada a taɓa ta. Saura mata shekara biyu da 'yan watanni ta gama sakandare, a bar maƙera ta zama ta yamma da ta Asabar da Lahadi da hutu. Ƙirar da za ta ciyar da mutum nan gaba ba za ta tsaya a fartanya da lauje ba, za ta haɗa da walda, da ƙera garmar shanu, da injin casar masara da na niƙa, kuma duk waɗannan suna buƙatar awo da lissafi da karanta zane. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya san inda sana'ar ƙarfe ta dosa. Idan ta gama, akwai jarrabawar NABTEB ta sana'o'in hannu, akwai kuma kwalejojin kimiyya da fasaha da ke koyar da walda da ƙere-ƙere.

Akwai wani abu da maza ba su cika lura da shi ba saboda ba ya cikin suturarsu. Hijaban da ake sayarwa yanzu yawancinsu yadin roba ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama su, kuma idan sun kama narkewa suke yi su manne a fata. Mahaifiyarta ta ɗinka mata kayan aiki na auduga mai kauri, riga mai dogon hannu da ɗan hijabi gajere da za a cusa bakinsa cikin riga, da takalmi rufaffe. Ranar da ta fara walda kuma kada ta kunna wuta sai da gilashin kare ido na gaske.

Magana ta ƙarshe a gare ka ita ce ta dukiya, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa. Uwar maƙera da masaba da zuga-zugi da filin da maƙerar take duk dukiyarka ce, ranar da ta Allah ta kasance za su shiga gado a raba su bisa ƙa'idar shari'a, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ana iya wayar gari wadda ta riƙe sana'ar ta tashi ba ta da ko awartaki. Fifita ɗa guda da kyauta shi ma akwai gargaɗi a kansa, kamar yadda ya zo a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka riƙa biyan ta ladan aikinta kamar yadda za ka biya yaron maƙera, ta tara ta sayi kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya, 'yan'uwanta kuma su san cewa nata ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 32, maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta. Ka zauna da malamin fiƙihu na garinku ku tsara wannan tun kana da ƙarfinka.

TAMBAYA TA BIYU

Mama, ina gaisuwa. Shekarata 19, na gama sakandare a Kaduna. Mahaifina direba ne, Allah Ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce. Tun ina ƙarama ni ke miƙa masa sifana idan yana gyaran motarsa a ƙofar gida. Da na ce ina son kanikanci, mahaifiyata ta kwashi adashinta ta biya kuɗin koyo ta saya mini akwatin sifanu, yayana kuma shi ke kai ni gareji a babur kullum da safe. Baffanmu bai so ba, ya ce sun sa ido su ga ƙarshen abin. Yau watana takwas, amma ogana wankin kayan inji da fetur da aiken sayen abinci kawai yake sa ni. Abin da ya fi damuna shi ne wani babban yaron gareji da ke gaya mini maganganun banza idan ba kowa, sau biyu kuma ya kai hannu jikina. Ban gaya wa kowa ba, domin na san idan Baffa ya ji shi ke nan an cire ni, kuɗin Umma kuma sun tafi a banza. Yaya zan yi?

Daga wata 'yarki, Kaduna

AMSA

'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya saka wa Umma da yayanki da alheri. Ki gaya musu yau, kada ki bari sai gobe. Abin da yaron nan ya yi laifinsa ne shi kaɗai, babu abin da kika yi da ya jawo shi, kuma shirunki shi ne abin da yake dogara da shi. Ya lura kina tsoron a cire ki, shi ya sa ya yi na farko ya ga ba a yi magana ba ya ƙara na biyu. Mai irin wannan hali ba ya tsayawa da kansa. Ki fara da Umma a ɗaki, ku biyu, ki faɗa mata komai yadda ya faru, da ranaku da wurin, sannan ku kira yayanki.

Ina so ki karanta musu wannan sakin layi. Hajiya, da kai ɗana, kun yi abin da gidaje da yawa ba su iya ba, amma yau ne za a gane ƙarfin goyon bayanku. Idan yarinya ta kawo ƙara aka amsa mata da cewa ta zauna a gida, an hukunta wadda aka zalunta an bar azzalumi a wurinsa, an kuma koya wa ƙannenta mata cewa idan irin haka ta same su su yi shiru. Kai yayanta, kada ka je garejin da zafin zuciya ka yi faɗa, domin hakan zai mai da ƙanwarka abin magana a unguwa. Ka ɗauki dattijo guda mai mutunci, ku sami ogan a keɓe, ku gaya masa abin da ya faru da abin da kuke so a yi. Idan ya yi wasa da maganar, kanikawa suna da ƙungiyarsu ta NATA, kuma kusan kowane babban gareji yana da shugabannin da ke sauraron ƙara tsakanin oga da yaransa. Idan nan ma ba a ɗauki mataki ba, a canza mata gareji, kuma taɓa jikin mace ba da yardarta ba laifi ne da doka ta tanadi hukunci a kansa, kuna da damar kai ƙara.

Na dawo gare ki. Wankin kayan inji da zuwa aike rabon kowane sabon yaro ne a gareji, mace ko namiji, kuma a wurin wankin ne ake sanin sunan kowane ƙarfe da inda yake zama. Amma wata takwas ya isa a gwada. Ki dubi yaran da kuka shiga tare, idan an fara barinsu su canza birki ko su kwance kan inji ke kuma ba a bar ki ba, to ana tauye ki ne, kuma tun da an karɓi kuɗin koyo hakkinki ne a koya miki. Yayanki ya haɗa wannan a cikin zaman da za su yi da oga, a rubuta abin da za a koya miki da tsawon lokacin, kowa ya sa hannu. Shawarata kuma ki karkata ga lantarkin mota da amfani da na'urar kwamfuta mai gano matsalar inji. Motocin da ke shigowa yanzu sun fi buƙatar wannan, tsofaffin kanikawa da yawa ba su ƙware a kai ba, ke kuma kina da karatun da zai taimake ki. Ki nemi takardar Trade Test da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya, domin da ita ake neman aiki a kamfanoni da ma'aikatu. Ki kuma kula da bakin hijabinki da hannun rigarki duk lokacin da inji ke aiki, domin bel da fanka ba sa jira.

Ba ke kaɗai ba ce a wannan hanya. Sandra Aguebor, wadda aka fi sani da mace ta farko bakanikiya a Najeriya, ta kafa shirin Lady Mechanic Initiative a shekarar 2004 don horar da 'yan mata. A Sakkwato ma ƙungiyar Nana mai tallafa wa mata da 'yan mata ta buɗe garejin da mata ke koyo suna gyaran motoci. Matan da ke tuƙa motocinsu a Kaduna suna da yawa, da dama daga cikinsu kuma za su fi sakewa su miƙa makulli ga mace 'yar'uwarsu.

Baffanki kuwa kada ki yanke gaisuwa. Ranar da kika karɓi kuɗin aikinki na farko, ki cire wani abu ko kaɗan ne ki kai masa har gida, ki durƙusa ki ce kin kawo ya sa albarka a madadin mahaifinki.

TAMBAYA TA UKU

Salamu alaikum. Ni uwa ce daga Maraɗi. Maigidana kafinta ne, ɗiyarmu mai shekara 21 ta tashi a shagonsa, yanzu ita ke haɗa gadaje da kujeru, mutane har sunanta suke kira idan sun kawo aiki. Mun goya mata baya tun farko, ni da shi. Yanzu wani yaron kirki ya fito, amma iyayensa sun aiko cewa idan an ɗaura aure ta bar zarto da guduma. Mahaifinta ya ce ita za ta zaɓa. Ni kuwa tsoro nake ji, kada mu zama mun koya mata sana'ar da za ta hana ta ɗakin miji, sa'o'inta duk sun yi aure. In lallashe ta ta haƙura?

Daga wata uwa, Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Tsoronki na uwa ne kuma na fahimce shi, amma kada ki yi gaggawar lallashinta, domin har yanzu ba ku ji daga bakin wanda zai aure ta ba. Iyayensa ne suka aiko. Shi yaron a shagon ya gan ta, da ƙurar katako a jikinta, ya ce yana so. Mahaifinta ya kira shi ya tambaye shi ra'ayinsa kai tsaye, a kuma binciki ainihin abin da iyayen ke gudu. Sau da yawa ba sana'ar ce ke damunsu ba, zaman surukarsu a bakin titi cikin maza ne, wannan kuwa yana da magani. Ana iya kafa mata wurin aiki a cikin gida ko a zaure, ƙaninta ko wani yaro ya riƙa karɓo aiki da kai kaya, ko ta riƙa zuwa shagon mahaifinta wasu ranaku a mako.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi karatu a gaban mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi aiki tare da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma yawancin rubuce-rubucenta da kafa 'Yan Taru, inda take naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, duk a gidan mijinta Waziri Giɗaɗo ta yi su. Abin da uba ya dasa, miji ne ke shayar da shi ko ya bar shi ya bushe, shi ya sa zaɓen mijin yarinya irin taku yake buƙatar natsuwa fiye da na sa'o'inta.

Duk abin da aka daidaita a kai, a yi shi kafin sa rana, waliyyai su faɗe shi a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu, kada a bar shi a matsayin alkawarin saurayi da budurwa a bakin ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma zauna da ɗiyarki ki saurare ta ba tare da kin sa mata magana a baki ba. Idan ita da kanta ta ga tana son ta rage aiki ko ta dakata na wani lokaci, wannan ma hakkinta ne, kada wani ya ce ta ba ku kunya. Idan kuwa ta ce ba za ta iya rabuwa da sana'arta ba, yaron da iyayensa kuma suka kafe, to gara a rabu tun yanzu da mutunci, shekara 21 ba tsufa ba ne, kuma yarinyar da gari ke kiran sunanta saboda kyan aikinta ba za ta rasa manemi ba.

Idan Allah Ya sa an daidaita, ku bar ta ta haɗa gadonta da kujerunta da hannunta, a gaya wa 'yan ganin ɗaki wadda ta yi su. Ranar kai kaya kuma a sa akwatin zartonta da gudumarta a cikin mota ɗaya da kwanuka da tukwane, a sauke shi da rana a gaban dangin ango.